Baitulmali a Bakin Hanya: Labarin Zugu da Parakou

Hanya ce ta raya garuruwan Djougou da Parakou, a arewacin Jamhuriyar Benin. A ƙarni na 19 ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu, ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja domin sayen goro. Jakunansu na ɗauke da kanwa da fatu da rinannun tufafi. Djougou, wadda Hausawa suke kira Zugu, da Parakou, manyan zanguna ne a kan wannan hanya. A nan Wangarawa da Hausawa suka kafa unguwanninsu kusa da garin sarki, harshen Dendi kuwa ya zama harshen kasuwa.

Sarakunan wancan zamani ba su da kasafin kuɗi a rubuce, amma sun san inda abincinsu yake fitowa. Ayari ya sauka, madugu ya je fada ya yi gaisuwa, a daidaita kuɗin fito, sarki kuma ya ɗauki nauyin tsare baƙi daga 'yan fashi. In sarki ya tsawwala, badi madugu ya sake hanya, zango ya koma kufai. Wato arzikin fada yana hannun baƙon da yake wucewa.

Yaƙin basasa ya rushe Salaga a 1892. A 1898 Faransa da Ingila suka raba Borgu biyu, Zugu da Parakou suka faɗa cikin Dahomi. Sa'ad da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano wajen 1912, goro ya koma bin teku da dogo, ayari ya yi ta raguwa. Sababbin masu mulki kuwa suna bukatar kuɗi, gama dokar Faransa ta 1900 ta ce kowace ƙasar mallaka ta riƙe kanta. Daga 1904 kuma aka mai da kuɗin kwastan zuwa babban asusun Afirka ta Yamma ta Faransa a Dakar. Abin da ya rage wa Dahomi mafi yawa shi ne kuɗin kai, wato lanho. Nauyin da dā baƙo yake ɗauka ya sauko a wuyan manomi, ga aikin dole, ga kamun soja lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tura ta kai bango a 1916, Bio Guéra ya ta da tawaye a Borgu, aka kashe shi a ƙarshen shekarar.

A 1936 dogo daga Kwatano ya iso Parakou, ya tsaya nan. Kayan Nijar sai a sauke su a loda wa manyan motoci zuwa Malanville da Gaya. Parakou ta sāke zama zango, direba ya gaji madugu.

Dahomi ta sami mulkin kai ran 1 ga Agusta 1960, shugabanta na fari kuwa, Hubert Maga, haifaffen Parakou ne. Ya gaji ma'aikata da yawa da baitulmali ƙarami, albashi yana cinye kaso mafi girma na kuɗin shiga, Faransa tana cike giɓi. Duk gwamnatin da ta taɓa albashi, sai ƙungiyoyin ƙwadago su fito, soja su biyo baya. Haka Maga ya faɗi a Oktoba 1963, haka kuma Janar Christophe Soglo ya faɗi a Disamba 1967, bayan yajin aiki kan zabge kashi 25 cikin 100 na albashi.

Mathieu Kérékou ya karɓi mulki a 1972, ya rungumi gurguzu a 1974, gwamnati ta karɓe bankuna da kamfanoni, tana ɗaukar waɗanda suka gama jami'a aiki kai tsaye. Abin da ya riƙe wannan gini shi ne maƙwabta. Nijeriya ta sami kuɗin man fetur, Nijar ta sami na yuraniyum. Shinkafa da atamfa da taba suna sauka a Kwatano, Benin ta karɓi kuɗin kwastan, kaya su bi ta bayan fage zuwa Nijeriya. Kuɗin fito ne ya komo da sabuwar riga.

Amma kayan aro ba ya rufe katara. Farashin man fetur da yuraniyum ya faɗi, Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986. A 1988 bankunan gwamnati suka durƙushe, masu ajiya suka kasa karɓar kuɗinsu. Malaman makaranta da sauran ma'aikata suka yi watanni ba albashi, 1989 ta zama shekarar yajin aiki. Gwamnati ta amince da sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, a Disamba ta yar da gurguzu. A Fabrairu 1990 aka yi Babban Taron Ƙasa a Kwatano a ƙarƙashin Bishop Isidore de Souza, aka karɓe ragamar gwamnati daga hannun Kérékou ba tare da zub da jini ba. Mulkin da ya tsallake makircin soja iri iri, aljihu wofi ne ya kai shi ƙasa.

Darasin bai tsufa ba. Nijeriya ta sāke rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 kuma ya jawo rufe gadar Malanville, motoci suka yi layi a hanyar arewa. Tun zamanin sarakunan Zugu, baitulmalin da yake jiran mai wucewa yana cika da sauri, amma mabuɗinsa yana hannun wani.