Ɗanyen nama da ƙashi ga kare: abin da mai kare ya kamata ya sani

'Yan'uwanmu na Abijan da Kano da Turai suna ganin bidiyo a Facebook da TikTok inda ake daina bai wa kare abincin leda, a mai da shi ga ɗanyen nama da ƙashi. Wani likitan dabbobi ɗan Ostareliya, Ian Billinghurst, shi ya yaɗa wannan tsari da littafinsa na 1993. Sai dai a 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta ja kunnen mutane a kansa, saboda ƙwayoyin cuta irin su salmonela.

A nan Adar, ɗanyen nama ga kare ba baƙon abu ba ne. Karen gadi, karen farauta, da dogon karen nan na Azawak, duk hura da tuwo da nono ne abincinsu na kullum, sannan su samu abin da mahauta suka jefar. To, cikin abin da ake jefarwar nan haɗarin yake.

Hanta da huhu masu ƙullin ruwa

Wani lokaci in an feɗe tunkiya, saniya ko raƙumi, sai a tarar da ƙulli cike da ruwa a hanta ko huhu. Mutum ba ya ci, sai a wurga ma kare. Ƙullin nan kuwa 'ya'yan tsutsa ne a ciki. In kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa cikin makwanni kaɗan. Ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, kuma karen ba ya nuna alamar ciwo. Ƙwanta na fita tare da kashinsa, ya manne a gashinsa, ya shiga ƙasa da ruwa da ganyen garka.

Yaro ya taɓa karen ko ya yi wasa a ƙasar, ya ci abinci bai wanke hannu ba, shi ke nan. Bayan shekaru irin wannan ƙulli ya tsiro masa a hanta ko huhu, sau da yawa sai lokotoro ya yi aiki. Hukumar lafiya ta duniya ta ce fiye da mutum miliyan 1 ke ɗauke da wannan cuta a duniya.

Haka ɗanyen kan tunkiyar da ta yi ta kewaya wuri guda kafin a yanka ta: wata tsutsa ce a ƙwaƙwalwarta, kuma ta cikin kare take komawa ga garke.

Saboda haka, a mayanka ko ranar Layya, kayan cikin da ke da ƙulli a ƙone su ko a binne da zurfi. Masu kyau ma a tafasa su kamar minti 30. Mushe kuwa kar a bar kare ya kusance shi, musamman dabbar da ta faɗi farat ɗaya, don yana iya zama ciwon saifa, wanda ke kama mutum.

Wane ƙashi?

Ƙashin da ya sha wuta, na miya, na balangu, na kaza ko zabo, yana tsagewa kamar tsinke, ya soki maƙogwaro ko hanji. Kar a ba shi. Ƙashin ƙafar sa ko raƙumi kuma yana fasa haƙori. Wanda ya fi shi ne ɗanye, mai nama da guringuntsi a jiki, wanda ya fi ƙarfin a haɗiye shi gaba ɗaya. A tsaya kusa, in ya gama a ɗauke saura, don da zafin garinmu nama ba ya jimawa.

Yadda ake canji

Cikin kare ba ya son sauyi na gaggawa. A ɗauki kwana 7 zuwa 10: da farko kashi ɗaya cikin huɗu sabon abinci, sannan rabi, sannan kashi uku. In zawo ko amai ya zo, a koma baya. Masu wannan tsari suna auna kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin kare, wato kare mai kilo 20 zai ci kusan rabin kilo a rana. Mai gida ya duba aljihunsa tun kafin ya fara. Tsoka zalla ma ba ta wadatarwa, ɗan kwikwiyo yana iya tashi da raunin ƙashi. Tuwo da nono da dafaffen nama ba abin rainawa ba ne.

Mu da muke garin albasa, a kiyaye: albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kare. Ragowar miya mai albasa da yawa ba tasa ba ce.

Sauran kariya

A ba kare maganin tsutsa mai suna praziquantel aƙalla sau 4 a shekara, a yi masa allurar haukan kare. Ma'aikatan kiwo na Keita, Buza da Madawa za su faɗi adadin da ya dace da nauyinsa. Kwanonsa daban, nesa da madafa, kuma yara su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Gidan da ke da mai ciki, jariri ko tsoho marar lafiya, a dafa naman kawai ya fi.

Allah ya ba mu lafiya, mu da bisashenmu.