Sa Zare da Awon Sabon Ɗan Dambe a Ƙasar Gumel

Dambe, wato karawar da mutum biyu ke yi da hannu guda ɗaure da zare har ɗaya ya kai ɗan'uwansa ƙasa, wasa ne da aka daɗe ana danganta shi da mahauta, waɗanda ake kira rundawa, kuma wanda ya bi tarihinsa zai tarar cewa naushin kansa bai sauya sosai ba, abin da ya yi ta sauyawa shi ne hanyar da ake bi wajen yanke wanda zai kara da wani. Wannan hukunci, musamman idan ya shafi matashin da sunansa ya fara tashi, shi ne ke ɗaukaka ɗan dambe ko ya karya shi tun bai kai ƙarfinsa ba.

Ƙasar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma yanayinta ya haɗa abubuwan da dambe ke rayuwa a kansu, wato noman gero da kasuwar dabbobi da yawan baƙi. Mangawa ne suka kafa masarautar a wajejen 1750, ta zauna ƙarƙashin inuwar Barno, ba ta shiga daular Sakkwato ba a zamanin jihadi, sannan a 1845 aka ɗauke fadar daga Tumbi, da ke cikin Nijar a yau, zuwa garin Gumel, kafin Turawan Ingila su iso a 1903. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba dangi gida biyu, amma ba ta hana kasuwar Maigatari ci duk ranar Alhamis ba, inda ake kawo shanu da raƙuma da dawaki da tumaki daga yankin Damagaram da bayansa. Inda dabbobi suka taru nan mahauta suke, ƙarƙashin Sarkin Fawa, tare da makaɗan kalangu waɗanda su ne makaɗan wannan sana'a tun asali, kuma a al'adar ƙasar Hausa, da zarar kaka ta yi an kai amfanin gona rumbu, samarin rundawa kan ɗauki hanya gari-gari, su yi fawa da rana, su yi dambe da yamma. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930, wanda ya ratsa ta Gagarawa, ya ƙara sada yankin da birni, ya kawo kuɗin gyaɗa hannun talakawa.

A wancan tsohon tsari babu wani mutum guda da aikinsa shi ne haɗa wasa, domin a fili ake haɗa shi, a gaban idon kowa. Makaɗi kan kaɗa taken ɗan dambe, wato kiɗan da aka keɓe masa shi kaɗai, shi kuma ya zabura ya shiga fage yana tsuma yana kirari, ya zagaya, ya miƙa hannu wajen wanda yake so daga cikin baƙi ko 'yan gari. Wanda aka nuna yana da damar karɓa, yana kuma da damar ƙi, sannan manyan ɓangarorin biyu suna da ikon hanawa idan suka ga tazarar ta yi yawa. Ba a san ma'aunin nauyi ba, ido ne sikeli. Idan an amince, sai a shiga turmi, wato zango ɗaya na karawa, wanda ba agogo ke ƙare shi ba: yakan ƙare idan wasa ya yi sanyi, ko zaren wani ya kwance, ko ɗayansu ya nemi hutu. Galibi turmi uku ake yi, kuma nasara ɗaya ce tak, ita ce kisa, wato a sa hannun mutum ko gwiwarsa ko wani sashe na jikinsa ya taɓa ƙasa. Idan turmi uku suka wuce babu kisa, sai a raba su, kowa ya koma ɓangarensa da mutuncinsa. Wannan ƙa'ida ta sauƙaƙa alƙalanci ƙwarai, domin faɗuwa abu ne da duk mai ido ya gani, saboda haka gardamar da ta rage ta koma kan abin da ya gabaci turmin, wato ko ya dace tun farko a haɗa waɗannan biyun.

A nan ne matsayin ubangida yake, kuma shi ne ginshiƙin sana'ar. Yaro ba ya shiga dambe da ka, sai ya bi wani babba, ya ɗaukar masa kaya, ya riƙe masa ruwa, ya koyi ɗaurin hannu da tsayuwa, har ma sunan da zai yi tashe da shi daga ubangidan yake samo shi. Shi ya sa ake jin Shagon wane, da Autan wane, da Garkuwan wane, da Bahagon wane, sunayen da ke sanar da mai sauraro gidan da yaro ya fito tun kafin ya ga naushinsa. Da yake sunansa ne yaron ke ɗauke da shi, faɗuwar yaro faɗuwar ubangida ce, don haka yana da dalili mai ƙarfi na yin awo da gaskiya. Abubuwan da yake dubawa ba a rubuce suke ba, amma sanannu ne ga masu wasan: tsawon hannun abokin karawa, da yadda yake dasa ƙafarsa, da ko bahago ne, domin bahagon naushi yana zuwa ta inda yaro bai saba karewa ba, da ko mai gaggawa ne da ke neman kisa a turmin farko ko mai haƙuri ne da ke jiran gajiya. A wajen nasa yaron kuma yana lura da ko yana ƙifta ido in an kawo hannu, da yadda hannunsa na garkuwa, wato wanda ba a ɗaure ba, yake tsayawa a miƙe ko yake saukowa in ya gaji, da abin da ya fi duka muhimmanci, yadda yake komawa fage bayan ya sha kisa na farko. Layu da guraye da tsagar magani a dantse suna da nasu gurbin a zukatan 'yan wasa, amma gogaggen ubangida ya san cewa babban abin da ke tsare yaronsa shi ne hana shi turmin da lokacinsa bai yi ba.

Da dambe ya tashi daga dandalin ƙauye ya koma gidajen da aka kewaye ana karɓar kuɗin shiga, sai ikon haɗa wasa ya fara sauya hannu. 'Yan wasa suka tsaya a ɓangarori uku, Arewa, wadda ake kuma kira Jamus, da Kudu, da Guramada, kuma a ƙa'ida ɗan ɓangare ba ya dambe da ɗan'uwansa, wanda hakan ya ba mai haɗa wasa tsarin da zai gina gaba mai jan jama'a a kai. Waƙa ta riga ta nuna yadda suna ke cika fili, domin waƙoƙin da Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa ɗan dambe Shago sun kai labarin karawarsa da Ɗandunawa kunnen mutanen da ba su taɓa ganin ko ɗayansu ba. A gidaje irin na Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, babban wasa ya zama na sa zare, wato karawar da aka ƙulla tun gaba, aka sanar da ranarta, aka yi cinikin abin da kowa zai samu, har ta kai ana sa babur ko mota a gasa. Mai gida yana neman wasan da zai sayar da tikiti, kuma babu abin da ke sayar da shi kamar a haɗa yaro mai tashe da tsohon hannu, alhali wannan ita ce karawar da ubangidan da ya san aikinsa zai fi jinkirtawa.

Damben Turawa ya bi wannan hanya tun da daɗewa. Dokokin Queensberry da aka buga a Ingila a 1867 sun kawo safar hannu da zangon minti uku, sannan aka raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyi, aka kuma samar da alƙalai uku da ke ba wanda ya rinjayi zango maki 10. A wannan wasa ne Hogan Bassey ya ci kambun duniya a Paris a 1957, Dick Tiger ya ci nasa a 1962, ya kuma kare shi a filin Liberty na Ibadan a 1963. A can haɗa wasa sana'a ce mai zaman kanta, kuma cutarta kishiyar ta dambe ce: akan yi ta zaɓa wa matashi abokan karawa masu rauni don a tara masa nasarori a takarda, har ranar da zai gamu da wanda ya fi ƙarfinsa. Duk da tarin alƙaluman, awo kan kuskure, kamar yadda aka gani a New York a watan Yunin 2019, lokacin da Andy Ruiz, wanda aka sako a makare don cike gurbin wani, ya buge Anthony Joshua.

A 'yan shekarun nan wayar hannu ta sake sauya lissafi, domin matashin da ya yi kisa mai kyau a wani dandali a Sule Tankarkar ko Gagarawa zai iya wayar gari bidiyonsa ya zaga Facebook da YouTube, masu gidajen dambe na Kano da Abuja su fara nemansa kafin ubangidansa ya gama saninsa. Bidiyon kisa na daƙiƙoƙi kaɗan ba ya nuna ko yaron yana iya turmi na uku, ba ya kuma nuna darajar wanda ya kashe. Kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship, wanda Maxwell Kalu ya kafa, sun shigo da awon nauyi da agogo da likita a bakin fage, kuma wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo, tun da ya toshe mafi munin rashin daidaito, wato a haɗa ƙaramin jiki da ƙato. Sai dai sikeli nauyi kawai yake aunawa, mutum biyu kuwa na iya zuwa daidai a kilo alhali ɗaya ya shekara goma yana shan naushi ɗaya kuma bara ya fara ɗaura zare. Akwai kuma giɓin da ya fi wannan haɗari. A damben Turawa hukuma kan dakatar da wanda aka sumar na wasu makonni kafin ya sake hawa, amma a gidajen da ake dambe safe da yamma, yaron da aka kashe yau yana iya samun tayin sa zare gobe, kuma idan ya baro Maigatari ko Gumel shi kaɗai ya tafi ci-rani, ubangidan da zai ce a dakata yana can nesa, mai gidan da ke tayin kuwa shi ne ke ba shi masauki da abinci.