Samanja Mazan Fama: Hausar Bariki a Bakin Ɗan Wasa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba rayuwar Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja, da kuma matsayin da ya bai wa wani nau'in Hausa da masana suka daɗe suna rainawa. Ko da yake a Kaduna ya yi aikinsa, muryarsa ta ƙetare iyaka. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, ana kama shi a ƙauyukan Madawa, Buza da Keita, irin su Sabon Gida, kuma ƴan cin rani masu komowa daga Najeriya sukan zo da labarin wasannin da suka gani a talabijin.

An haife shi a 1942 a garin Pategi da ke bakin Kwara, a gidan sarautar Nufawa. Ke nan Hausa ba harshensa na uwa ba ne. Ya shiga aikin soja cikin shekarun 1960, ya yi yaƙin basasar Najeriya (1967–1970), ya bar aikin a 1985. Ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba 2023.

Sunan Samanja ya samo asali daga muƙamin sojan Ingilishi, saja-manja, kusan abin da muke kira ajidan a Nijar. Wasan ya fara a rediyo, sannan ya koma talabijin na NTA Kaduna. Dole a lura da lokacin da ya bunƙasa. Kafin yaƙi sojan Najeriya ba su fi dubu 10 ba sosai; da aka gama, sun kai wajen dubu 250. Soja suka cika gari, mulki na hannunsu, talaka kuwa yana tsoronsu. A wannan hali ne wani soja na gaske ya fito yana ba mutane dariya da rayuwar bariki: hargowar fareti, rikicin matan soja, kurtun da bai jin oda.

Makaminsa shi ne barikanci, wato Hausar da ta zama harshen sadarwa tsakanin soja na ƙabilu daban-daban tun zamanin Turawa. A cikinta bambancin jinsi yakan ɓace, ƙ da ɓ da ɗ su koma k da b da d, kalmomin Ingilishi su shigo a karye. Samanja yakan tsallaka daga wannan harshe zuwa wancan cikin jimla guda, gwargwadon wanda yake gabansa: hafsa ne, ko kurtu, ko matarsa. A ganinmu kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin rashin iya magana. Aiki ne na mai kunne, wanda ya san cewa a bariki harshe ma yana da igiya.

Ba'adare mai saurare bai buƙatar a fassara masa wannan raha, domin ya san tsoffin sojan Faransa da irin Faransancinsu. Sai dai a Nijar tsohon soja ya shiga sinima ta wata ƙofa. Umaru Ganda, wanda ya yi yaƙin Indocin, ya nuna a fim ɗinsa Cabascabo, da aka haska a Cannes a 1969, sojan da ya komo gida kuɗinsa suka ƙare, abokai suka watse. Ganda ya yi magana da Zabarmanci a kan wanda ya tuɓe kaki. Pategi ya yi wasansa yana sanye da shi, a ƙarƙashin gwamnatocin soja, a gidajen watsa labarai na gwamnati.