Jigilar kaya ta jirgin ƙasa da muhalli: layin dogon Kano zuwa Maraɗi

Jirgin ƙasa ya fi kamiyo tsimin mai wajen ɗaukar kaya masu nauyi. Dalili kuwa, ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da turjiya kamar taya a kan kwalta, saboda haka kan jirgi ɗaya ke jan taragai da yawa. A Amurka, inda akasarin jiragen kaya ke shan gazuwal, jirgi na ɗaukar tan guda da kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na man da kamiyo ke ƙonawa. Hukumar makamashi ta duniya IEA ta ce a 2019 jiragen ƙasa na ɗaukar kashi 7 cikin 100 na kayan duniya, amma kashi 2 kawai suke ci na makamashin sufuri.

Ga Nijar, wadda ba ta da teku kuma kayanta ke shigowa bisa kamiyo, maganar ta shafi layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na Portugal ke gina shi. Ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

Sai dai dogo yana yanka ƙasa gida biyu. Yankin Maraɗi na daga cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki sun haɗe da juna, ga itatuwan gawo da manoma suka raina da hannunsu shekara da shekaru. Layin da aka ɗaga bisa tudun ƙasa na iya tare ruwan damina da ke gangarawa Gulbin Maraɗi in ba a yi isassun magudanai ba, ya kuma datse burtali, wanda hakan kan haifar da rikicin manoma da makiyaya. Dokar 2018-28 ta wajabta binciken tasiri ga muhalli kafin irin wannan aiki, ƙarƙashin sa idon ofishin BNEE.

Ribar kuma ba ta samuwa sai jirgi na tafiya cike. Layin Yamai zuwa Doso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, aka ƙaddamar a 2016, ya cinye filaye amma bai rage kamiyo ko guda a hanya ba, don bai fara jigilar kaya ba.