Hannun gwamnati cikin kafa masana'antu a ƙasar Japon, 1868-1901

A shekarar 1868, lokacin da mulki ya koma hannun sarki Meiji, Japon ƙasa ce ta manoma, kuma yarjejeniyoyin da ta sa wa hannu da Amurka da ƙasashen Turai a 1858 sun hana ta yanke kuɗin fito yadda take so. Ke nan ba ta da ikon kare kayanta daga na waje ta hanyar kwastan. Attajiranta kuwa sun san fataucin shinkafa da ba da bashi, amma ba su san injin ba, ba su kuma yarda su zuba dukiyarsu cikin abin da ba su gwada ba. Saboda haka gwamnati ta shiga aikin da kanta.

A 1870 aka kafa ma'aikatar masana'antu. A 1872 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta farko, mai tsawon kilomita 29, tsakanin Tokyo da Yokohama, da taimakon injiniyoyin Ingila. A wannan shekara kuma aka buɗe masana'antar zaren siliki ta Tomioka, wadda wani Bafaranshe, Paul Brunat, ya shugabanci kafa ta. Ƴan matan da aka ɗauka can sun koyi aikin injin, sa'an nan da yawansu suka koma jihohinsu suna koya wa wasu. Dokar makarantu ita ma ta fito a 1872, kuma da harshen ƙasa ake koyarwa a makarantun farko.

Kuɗin wannan aiki daga gona suka fito. Dokar 1873 ta ɗora wa mai gona harajin kashi 3 bisa 100 na darajar gonarsa, a biya da tsabar kuɗi, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wannan haraji shi ne mafi yawan kuɗin da ke shiga baitulmali a shekarun farko. Da manoma suka yi bore, sai aka rage shi zuwa kashi 2,5 a 1877. Daga 1881, tsuke bakin aljihu da ministan kuɗi Matsukata ya yi ya karya farashin shinkafa da siliki, bashi ya ci gonakin ƙananan manoma masu yawa, har mutanen Chichibu suka ɗauki makami a 1884.

Yawancin masana'antun gwamnati ba su kawo riba ba. Tun daga 1880 aka yanke shawarar sayar da su, kuma da araha suka tafi hannun ƴan kasuwa na kusa da masu mulki: Mitsubishi ya sayi wurin ƙera jiragen ruwa na Nagasaki a 1887, Mitsui ya sayi Tomioka a 1893. A fannin auduga kuwa, ƙananan injinan da gwamnati ta kawo, masu mazari 2.000, ba su yi ƙarko ba. Kamfanin Osaka na ƴan kasuwa, wanda ya soma aiki a 1883 da mazari 10.500, shi ne ya nuna hanya.

Duk da haka gwamnati ba ta janye daga fannin da ya shafi soja ba. Masana'antar ƙarfe ta Yawata, wadda ta soma aiki a 1901, tata ce, kuma wani ɓangare na kuɗin gina ta ya fito daga diyyar da Sin ta biya bayan yaƙin 1894-1895.

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, gwamnati ta ɗauki hasarar farko wadda ɗan kasuwa ba zai ɗauka ba, ta horar da ma'aikata, sa'an nan ta miƙa wa wasu ribar. Mai nazarin wannan zamani ya kamata ya riƙa ajiye lissafin masana'antu kusa da lissafin harajin gona, domin manomi ne ya biya, manyan gidajen kasuwanci kuwa su ne suka gaji abin da aka gina.