Brihadisvara: Ginin da Yariman Ponniyin Selvan Ya Bari

Duk wanda ya kalli Ponniyin Selvan na Mani Ratnam (2022) ya san Arulmozhi, yariman da Jayam Ravi ya fito a matsayinsa. To, ba ƙage ba ne. Shi ne ya zama Sarki Rajaraja Chola, ya gina wurin bautar Shiva a Thanjavur, kudancin Indiya, aka gama a 1010.

Hasumiyar ta haura mita 60, da dutse aka ɗora ta. Ni ɗan Durba, na saba ganin duwatsun Rano a kusa, amma su daga nesa suka jawo nasu, ba mota, ba kuran.

Masoya rawa, a bangon bene an sassaƙa Shiva yana taka salon rawa 81 cikin 108. Guraben sauran suna nan fayau, ba a sassaƙa ba.