Conqueror, Jirgin da Ya Yi Kisa Ba a Gan Shi Ba

Idan ana zancen yaƙin teku, manyan jirage masu dogayen bindigogi muke hangowa. Amma a yaƙin tsibiran Falkland na 1982, jirgin da ya sauya lissafi ko ganin sa abokan gaba ba su yi ba. Sunansa HMS Conqueror, jirgin yaƙin Birtaniya mai tafiya a ƙarƙashin teku.

An fara ƙera shi a 1967 a masana'antar Cammell Laird da ke Birkenhead, aka saka shi a ruwa a 1969, ya kama aiki a 1971. Tsawonsa kusan mita 87 ne, ma'aikatansa sun ɗan haura 100. Da makamashin nukiliya yake aiki, don haka ba ya leƙowa shan iska kamar masu injin dizal. Ƙarewar abinci ce ke maido da shi gida. Don farautar jiragen Tarayyar Sobiyet aka gina shi, sai ƙaddara ta kai shi kudancin Tekun Atlantika bayan Ajantina ta mamaye tsibiran.

A can ya gano General Belgrano, tsohon jirgin Amurka da ya tsira daga harin Pearl Harbor a 1941 kafin a sayar wa Ajantina. Ya yi ta bin sa a ɓoye har gwamnatin Margaret Thatcher ta ba da izini. Ranar 2 ga Mayu, Kwamanda Chris Wreford-Brown ya harba tofido uku, wato bama-baman da ke gudu a cikin ruwa. Samfurin Mark 8 ya zaɓa, ƙirar shekarun 1920, domin bai amince da sabbin ba. Biyu suka samu Belgrano, mutum 323 suka mutu, kusan rabin duk waɗanda Ajantina ta rasa a yaƙin. Shi ne jirgin nukiliya na farko da ya nutsar da jirgin abokan gaba.

Daga nan manyan jiragen Ajantina suka koma bakin gaɓa, ba su sake fitowa daga ba. Sai dai har yau muna jin muhawara: Belgrano yana wajen da'irar mil 200 da Birtaniya ta shata, kuma ya juya yamma. Birtaniya ta ce tun 23 ga Afrilu ta gargaɗi Ajantina cewa duk jirgin da ya zame mata barazana za ta kai masa hari ko'ina yake.

An sallami Conqueror daga aiki a 1990, aka ɗaure shi a tashar Devonport yana jiran a wargaza shi.